Shirun da Tafinta Ya Fassara

Kakata tana kiran mahaifina da sunansa. Takan tsaya a bakin matakala a tsohon gidanmu na Nakkasa ta ƙwala masa kira har maƙwabta su ji, ko da surukai suna zaune. Mahaifina kuwa shi ne babba a cikin 'ya'yanta da muka sani. Matan unguwa waɗanda suka baro gida da wayonsu sun sha yi mata tsegumi a kan haka, wai zaman Makka ya cinye mata kunya ta koma Balarabiya, domin ba a taɓa jin macen kirki ta ambaci sunan ɗan farinta ba. Ita ba ta taɓa kare kanta ba. Ina yaro na ɗauka gaskiyarsu ce, har nakan ji nauyin abin a madadinta.

Akwai kuma wani dattijo a unguwarmu da kowa yake kira tafinta, saboda a zamanin ƙuruciyarsa shi yake raka mutanenmu gaban hukuma ya juya musu magana. Shi ake nema a ɗaurin aure, shi ake nema a sulhu. In an yi layya gidansa yakan aiko mana da nama, kakata kuma takan sa a mayar da kwanon a rufe kamar yadda ya zo. Da aka rushe gidajen kan tsauninmu muka koma Utaibiyya, sai muka sake samun kanmu a layi ɗaya da shi, kwanon ya ci gaba da zuwa yana komawa.

Ban san waɗannan abubuwa biyu tushensu ɗaya ne ba sai bayan da na kammala jami'a, inda na karanta tarihi. Wata rana da hantsi ina zaune kusa da ita tana tsince shinkafa, sai ta ce:

"Maigida, an ce ka gama karatun tonon tsofaffin takardu."

"Na gama, uwargida. Sai ki fara girmama ni."

"Miji ba aiki, sai tabarau. To, ga aiki na ba ka. Akwai wanda za ka tono mini."

Ta ajiye faifan. Duk abin da ta faɗa mini bayan wannan, idonta a kan bango ta faɗe shi.

Da ƙafa suka taho daga ƙasar Kano, ita da mijinta na fari wanda ban taɓa jin labarinsa ba, suna tafe suna yada zango suna aiki a gonakin mutane har suka ratsa Sudan. Mijin ya rasu a bakin teku kafin su sami jirgin ruwa. Ta iso Makka da yaro namiji wanda bai ko yi famfara ba. Tana dafa wake tana sayarwa, yaron yana wasa a bakin kasuwa. A wancan zamani akan kwashe yaran da aka gani suna gararamba a kai su wani gidan marayu inda ake koya musu sana'a, kafinta ko ɗinki ko ƙira. Wata rana aka haɗa da nata. Ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya, saboda haka ta ruga wurin tafinta, ya kuwa raka ta.

Aka fito da yaron gaban wani jami'i, ɗakin cike da maza. Jami'in ya yi tambaya, tafinta ya juya mata: wannan ɗanki ne? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaron gidanmu ne." Aka sake tambaya: ke kika haife shi? Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi shiru.

Duk wanda Bahaushiya ta goya ya san abin da ta ce. Uwa ba ta amsa ɗan fari a gaban jama'a, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta san da zamansa. Rufe fuskar nan ita ce amsar, kuma babu wata amsa da ta fi ta ƙarfi. Tafinta ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Ya juya ya yi wa jami'in magana gajeriya da Larabci, jami'in ya rubuta, aka kama hannun yaron aka koma da shi ciki. Sai daga baya wata mata mai shara a wurin ta gaya wa kakata abin da aka faɗa da sunanta: wai yaron ba nata ba ne, a hanya ta tsince shi.

"Me kika yi wa tafinta?" na tambaye ta.

"Ya nemi aurena da na fita takaba. Na ce a'a."

Ta yi ta komawa ƙofar gidan. Ta ce a ƙofar nan ta ajiye kunya ta faɗa da ƙarfi cewa ita ta haife shi, amma da Hausa ta faɗa, ga mai gadin da ba ya ji. Ba ta da takardar zama, aka kuma gargaɗe ta cewa in ta sake zuwa za a haɗa ta da waɗanda ake mayarwa gida. Bayan shekaru ta auri kakana ta haifi mahaifina, wanda take kira da sunansa domin ba shi ne na fari ba.

Na tashi daga gabanta. Dattijon nan na sha durƙusa masa. Na sha sumbatar kansa ranar Salla kamar yadda ake yi wa manya a garin nan, ya sha shafa nawa yana sa mini albarka da harshen da ya yi wannan aiki. Na ƙudura cewa in yaron yana raye, sai ya san uwarsa ba ta ƙi shi ba tun tana da numfashi, kuma daga bakin wanda ya yi ƙaryar zai sani.

Matsalar farko ita ce sunan.

"Uwargida, ba a neman mutum a takarda sai da suna."

"Nema dai."

"Ba kowa a ɗakin nan sai ni."

"Kai ɗin ba mutum ba ne?"

Da na ga ba za ta faɗa ba, sai na fara jero mata sunaye. Na fara da na annabawa, na gangaro na sahabbai. Tana tsintar shinkafa tana cewa a'a, a'a. Da na ambaci wani suna, sai ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta, alhali ba a ɗora komai ba tukuna. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗora yatsa a kuncinta na hagu ta ja shi a karkace. Na gane sunan ke nan, na kuma gane yaron yana da bille.

An daɗe da rufe gidan marayun, ginin ma ya tafi cikin faɗaɗa gari. Na yi watanni ina bin ofisoshi da takardar shaidar bincike daga jami'a, wannan ya tura ni wurin wancan, wancan ya ce in dawo bayan aikin Hajji. A ƙarshe na sami kundayen rajistar gidan a wani ɗakin ajiya a ƙarƙashin wani bene, cikin kwalayen da danshi ya fara ci. Ma'aikacin wurin mutumin kirki ne, ya ba ni kujera da fanka ya bar ni.

Kowane yaro layi ɗaya aka ba shi: suna, kimanin shekaru, asali, alamar jiki, da sana'ar da aka sa shi. A gurbin asali, duk yaron da ya fito daga wajenmu kalma ɗaya aka rubuta masa, Takruni. Babu Kano, babu Barno, babu Sakkwato, babu Damagaram. Na yi ta bin layukan da yatsa ina tunanin kowane ɗaya akwai wata mata da ta tsaya a ƙofar nan, ko wadda ta mutu a hanya ba ta kai ga tsayawar ba. Masu irin sunan da nake nema suna da yawa, har na fara fid da rai. Billen ne ya cece ni. Magatakardan bai san mene ne bille ba, sai ya rubuta tabon wuƙa a kuncin hagu. A gabansa kuma ya rubuta cewa ba a san iyayen yaron ba, wadda ta zo nemansa ta ce ba nata ba ne, an sa shi sashen kafinta. Rubutun kyakkyawa ne, a miƙe, na mutumin da ya yarda da abin da aka gaya masa. Na daɗe ina kallon ƙaryar nan cikin tufafinta masu kyau.

Kundin bai faɗi inda ya nufa bayan ya fita ba. Sai na bar takarda na koma bin tsofaffin kafintoci, ina tambayar wani dattijo baƙi mai tsaga a kuncin hagu wanda ya koyi aiki a gidan marayu. Wani ya ce ya mutu, wani ya ce ya koma Jidda. Wani mai sayar da ƙusa ne ya nuna mini Aziziyya, inda akwai wani shago da ake haɗa gadajen da ake cika gidajen alhazai da su.

Ina shiga na gan shi. Yana zaune a kan benci yana gogar wani guntun katako, 'ya'yansa suna aiki a ciki. Goshin kakata ne, da hannuwanta masu dogayen yatsu. Na gaishe shi da Hausa, da gangan. Ya amsa da Larabci cewa ba ya jin wannan harshe. Saboda haka duk maganar da muka yi da Larabci muka yi ta, ni nake mayar da ita Hausa a nan.

"Baffa, ni ɗan ƙaninka ne."

"Ba ni da ƙane. Ba ni da kowa sai waɗannan." Ya nuna 'ya'yansa da haɓa.

Na ba shi labarin tun daga bakin teku. Bai katse ni ba, bai kuma daina gogar katakon ba.

"Na tuna ɗakin," in ji shi. "Na tuna mayafin, shuɗi ne. Ina tsaye ina kallonta, ina jira ta ce nawa ne. Sai ta rufe fuska don kada ta gan ni."

Na yi ƙoƙarin bayyana masa kunya, a nan kuma na yi ɓarna. Kalmar da na ɗauko a Larabci ba ta ɗauki nauyin tamu ba. Ta fito kamar ina cewa uwarsa ta ji kunyar haihuwarsa, kamar shi abin ɓoyewa ne.

"To, ai ka faɗa da bakinka," ya ce. "Ta ji kunyata. Ka san gida nawa aka sallame ni da na je neman aure, don ba ni da asalin da zan nuna? Ka san abin da nake gaya wa yaran nan in sun tambayi kakarsu? Je ka ka ce mata ina lafiya. Ka ce mata kuma na rantse tun ina yaro ba zan taka inda take ba."

"Ba wurinta zan kai ka ba, Baffa. Mutumin da ya yi fassarar yana nan da ransa."

Sai hannunsa ya tsaya a kan katakon.

Na zaɓi ranar Juma'a bayan la'asar, domin a lokacin ne majalisar tafinta take cika. Akan shimfiɗa masa darduma a ƙofar gida, dattawan unguwa su zauna a kewaye da shi, jikokinsa suna zuba shayi. Ban gaya wa mahaifina ba, don na san zai hana ni. Na so a yi abin a gaban duk wanda ya taɓa durƙusa wa mutumin nan. Muka isa ni da Baffa, muka yi sallama, aka amsa.

"A'a, ɗan jami'a," in ji tafinta. "Yau an tuna da tsofaffi? Wane ne baƙon namu?"

"Baba, tambaya na kawo wa dattawa, ta Hausa ce." Na juya wurinsu. "Idan aka tambayi mace a gaban maza ko ita ta haifi ɗan farinta, ta rufe fuska ta yi shiru, me ta ce?"

Aka yi dariya. Wani tsoho Basakkwace ya ce, "Don wagga tambaya anka kai ka jami'a? Ta ce nata na."

"Wanda ya tambaye ta shi ne marar ta ido," in ji wani.

Na roƙi Basakkwacen ya maimaita da Larabci saboda baƙo ba ya jin Hausa. Ya maimaita, har ya ƙara bayani yana dariya, ya ce shi kansa uwarsa har ta mutu ba ta taɓa kiran sunansa ba, in tana son ba shi abinci sai ta ce a kai wa wancan. Baffa yana saurare, bai motsa ba.

"Baba," na ce wa tafinta, "kai ne gwanin juya magana a garin nan. Kai yaya ka fassara shi?"

Ya dubi baƙon da kyau. Idonsa ya sauka a kan billen ya tsaya. Ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Yaro, ni abin da kunnena ya ji na faɗa. Ba ta ce nata ba ne."

"Ka ce a hanya ta tsince shi. Wannan ma kunnenka ne ya ji?"

Babban ɗan tafinta ya taso yana cewa da Larabci halas, halas, wato ya isa haka, a bar maganar, tsoho ne ba shi da lafiya. Amma tsohon ya ture hannunsa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na kuma gane cewa duk tsawon shekarun nan abin bai huce masa ba.

"Tana da baki ai," ya ce. "Ranar da na aika mata ta iya buɗe shi ta ce a'a, har mutane suka ji. Don me ranar nan ya ƙi buɗuwa?"

Baffa ya taɓa hannuna ya tambayi abin da aka ce. Na fassara masa kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba, na kuma ɗaga murya yadda jikokin tafinta, waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, za su ji abin da kakansu ya faɗa. Ban taɓa jin daɗin wata jimla a bakina kamar wannan ba.

Baffa ya daɗe yana kallon tsohon. Na yi zaton zai ɗaga hannu, kuma da ya ɗaga ba zan riƙe shi ba. Bai ɗaga ba. Basakkwacen ya jawo takalmansa ya miƙe ba tare da sallama ba, wasu suka bi shi. Baffa ya juyo wurina.

"Ina gidan?"

"Rantsuwar fa, Baffa?"

"Zan yi kaffara. Ina gidan?"

Mun tarar da kakata a zaune a falo, mahaifina a damanta, inda babban ɗa yake zama, gwaggonnina biyu a ƙasa suna tsinke ganye. Na yi sallama muka shiga. Ta ɗago kai ta gan shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta miƙe ba. Ta ja mayafinta ta juya fuska wajen bango. Na ji jikin Baffa ya sandare a gefena, ƙafarsa ta ja baya, na kama wuyan hannunsa na riƙe da iyakar ƙarfina. Mahaifina yana tambayata wane ne baƙon, ban amsa ba, domin ba ni ya kamata in amsa ba.

Sai kakata, fuskarta har yanzu tana bango, ta kira mahaifina da sunansa ta ce:

"Tashi ka ba yayanka wuri."

Mahaifina ya dube ta, ya dubi baƙon, ya dubi goshinsa. Ya miƙe. Baffa ya tambaye ni abin da ta ce, na gaya masa. Ya sa na maimaita. Sa'an nan ya taka a hankali ya zauna a wurin, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Ita ba ta dube shi ba. Ta sa bayan hannu ta tura masa kofin ruwan da ke gabanta, ta ce mini, "Kai kuma, mijin banza, ka tsaya ƙerere a kan mutane. Je ka ce a ɗora abinci."

Tun daga ranar yake zuwa duk Juma'a. Ba su da harshe ɗaya, ni nake zama tsakaninsu, kuma yawancin abin da nake juyawa bai wuce ya ci ya ƙoshi, ya ƙafa, ya yara ba. Wani lokaci yakan ƙura mata ido, in ga tsohon fushin ya taso masa, sa'an nan ya haɗiye. Shekarun da aka cinye musu babu mai dawo da su, kuma ban yarda wani ya ce mini komai ya wuce ba.

Majalisar tafinta ta watse a hankali, har aka daina shimfiɗa dardumar. Da ciwo ya kwantar da shi, babban ɗansa ya zo gidanmu ya durƙusa yana neman a yafe wa mahaifinsa. Kakata ta ce, "Ba ni aka raba da uwa ba. A tambayi mai haƙƙi." Aka tambayi Baffa, ya ce bai yafe ba.

Mahaifina mutum ne mai sanyin hali. Ya ja ni gefe ya ce in zan kai amsar in sassauta ta, in ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, kowa zai gane. Na ce masa na ji. Na taka da ƙafata har gidan, aka shigar da ni ɗakin da tsohon yake kwance, 'ya'yansa da jikokinsa suna kewaye da gadon. Na gaishe su kamar yadda ya kamata. Sa'an nan na faɗa masa da Hausa cewa an tambayi mai haƙƙi, ya ce bai yafe ba. Na juya na faɗa wa sauran da Larabci, daidai yadda aka ba ni saƙon, na sa takalmana na fito.